Kwana Goman da Malam Isiyaku Yake Roƙa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin da hantsi, ina wanke hannu a ɗan asibitin da nake aiki kusa da Katuru, babbar 'yar Malam Isiyaku ta kira ni daga Ƙaura Namoda. "Rabi, Baba ya cika," ta ce, sai kuka ya ci ƙarfinta. Ban samu jana'iza ba. Kowa ya san yadda hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura ta zama, kafin in sami motar da za ta yarda ta tashi, an riga an kai shi makwancinsa.

Malam Isiyaku jami'in lafiya ne, ɗan gidan malamai, kuma a hannunsa na koyi aiki shekara huɗu. Mutanen ƙauye likita suke ce masa, shi kuwa bai taɓa gajiya da gyara musu ba. Bai iya hira ba, gaskiya, kuma mu ɗalibansa mun sha gulmar jinkirinsa, don yaro guda yakan cinye masa rabin awa alhali layi ya kai bakin ƙofa.

Abin da ya fi sani shi ne tarin yara wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. In an kawo yaron da ya yi wata yana tari, yakan fara da ƙirji, ya saurara, ya tambayi rama da zufa da ko akwai mai tari a gidan, don kada tarin fuka ya wuce shi. In ƙirji lafiya lau, sai ya koma kan uwar. Tun yaushe hancin yake toshe? Majinar kauri gare ta? Tarin ya fi tashi in ya kwanta? Sannan ya shinshini bakin yaron ba ƙyama, ya danna kumatunsa da goshinsa, ya haska tocila a maƙogwaro. Sau da yawa sai ka ga majina tana gangarowa ta bayan hanci. Ya koya mana cewa akwai ramukan iska a cikin ƙashin fuska, in mura ta daɗe sukan kumbura su tara ruwa, ruwan yana ɗiga a wuya, yaro yana ta tari. "In kunka ga ƙasan ɗaki ya jiƙe," yakan ce, "rufi za ku duba."

Na ji wannan magana, amma ban riƙe ta ba sai da ta ci rai. A shekarata ta biyu, Malam yana hutu, aka kawo mini wani yaro, Lawali, ɗan shekara biyar daga wani ƙauye a hanyar Zurmi. Sau uku uwarsa tana zuwa, sau uku ina sauraron ƙirjinsa in ba ta maganin tari na kwalba. Kowane zuwa sai ta ce, "Malama, majinar nan fa ba ta tsayawa," ni kuwa ina kallon layi. A wajenmu an ɗauka tarin da ya daɗe belu ne, wannan ɗan naman da ke reto a maƙoshi, kuma maganinsa askar wanzami. Da uban ya gaji da kwalabena, ya kai shi wurin wani wanzami aka yanke. Jinin bai tsaya ba. A kan babur aka kawo shi, rigar uban ta jiƙe sharkaf, kafin mu yi wani abu rai ya yi halinsa.

Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa ni gaba muka je gaisuwa, na zauna cikin mata ina kallon uwar, ita kuwa har ruwa ta miƙo mini. A hanyar dawowa ya ce, "Ɗiyata, uwar ta gaya maki. Uwa kullum tana faɗi, mu na ba mu ji." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ni ce ban daina ba. Har yau in yaro ya yi irin wannan tarin a bayan labule, gabana faɗuwa yake, sai na leƙa na ga fuskarsa.

Daga wannan shekarar Malam ya fara bin wanzamai. Bai je da wa'azi ba, bai kai ƙarar kowa ba. Yakan zauna a rumfarsu ranar kasuwa ya miƙa kai a yi masa aski, shi da sanƙo ya riga ya gama masa rabin aikin. Ana cikin aski sai ya yi roƙonsa: in an kawo yaro mai tari, a ara masa kwana goma kafin a ɗauko aska. A cikin kwanakin zai ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta in ya ga alamarsu, ya koya wa uwa wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta. Wasu sun yi masa dariya, wasu sun yarda don kunyar mahaifinsa. Cikin waɗanda suka yarda har da Baba Nomau, tsohon wanzamin da ke zagaya ƙauyukan da nake aiki.

A makon da Malam ya rasu aka kawo mini Hauwa'u, 'yar shekara shida daga Badarawa, tana tari mako shida. Ƙirjinta lafiya, hancinta a toshe, bakinta yana wari, na haska na ga majinar tana gangarowa. Na fara mata magani. Amma kakarta ta riga ta sa rana, Alhamis za a kai ta wurin Baba Nomau a cire belu, ta kuma faɗa mini a fuska cewa ba shawarata take nema ba. Ranar Laraba na tafi gidansa. Ni ba ni da kan da zan miƙa a aske.

Na same shi yana wasa aska. Muka yi wa juna ta'aziyya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Alkawalin ga, da Malam munka yi shi," ya ce. "Ke mi ag gare ki da zan hana tsohuwa abin da ta gada?"

"Babu komi, Baba. Sai dai na taɓa ganin yaro ya mutu a hannuna."

Ya ci gaba da goga aska a fata. Can ya ce, "Askinai na ƙarshe, ni niy yi mai shi. Ya ce in ba shi nan, kwana gomanai na ɗiyatai ne da ke Katuru. Na ɗauka zancen tsufa na." Ya ninke askar. "Ki tahi. Amma ranar sha ɗaya in tana tari, za a kawo ta, kuma ni ban iya korar tsohuwa sau biyu."

Na fito ina kuka a kan hanya, mutane suna kallona. Mutumin da na ɗauka ya rufe maganar Lawali don ya raina hankalina, ashe bi yake yana barin sunana a rumfunan wanzamai. Ban taɓa yi masa godiya ba, kuma yanzu babu hali.

Ya Allah ka ji ƙan Malam Isiyaku, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, ka shirya abin da ya bari. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Wanda duk ya yi masa addu'a, don Allah ya haɗa da Hauwa'u. Uwarta ta ce tarin ya ragu, amma bai tafi ba, kuma saura kwana uku.