Haƙoran Zarto a Allon Auta

Yayana mai zanen allo ne, irin na da, da buroshi da gwangwanin fenti. A layinmu babu shagon da bai taɓa jingina tsani a ƙofarsa ba, daga na mai aski zuwa na mai gyaran agogo, har shagon ɗinkina. Mai Buroshi kowa yake ce masa. Mutum ne mai daɗin zama, muddin ba a yabi aikin wani a gabansa ba. Da zarar an yaba, sai ka ga ya tsuke baki kamar wanda ya tauna tsakuwa a abinci.

Yana da wata dabara da ba ya nuna wa kowa. Idan ya gama harafi, kafin fenti ya bushe, sai ya juya wa mutane baya ya bi gefen harafin da babban yatsansa, yana ɗan gauraya launin rubutun da na allon. In kana kusa za ka ce ƙazanta ce. Ka tsallaka titi ka waiwayo, sai ka ga harafin sumul. Tun ina yarinya ban taɓa ganin farcen yatsan nan fari ba, matarsa ta yi mita har ta gaji ta sa masa ido.

Autanmu kuwa harkar lantarki ya koya. Da ya kawo ƙarfi sai ya buɗe shago a layin, yana haɗa allon wuta, wato ƙananan fitilu jere a layi kamar idon rariya, rubutu yana gudu a kansu. Ranar buɗe shagon Yaya ne ya fi kowa ɗaukar kujeru da yi wa baƙi sannu da zuwa, amma ni na ga fuskarsa lokacin da aka kunna allon farko mutane suka hau tafi. Kishi ne zalla. Bai taɓa yarda ba, sai dai ya ce hasken yana sa masa ciwon kai.

Mai aski ne ya fara sauke allonsa na katako, mai sayar da taya ya bi, sauran suka biyo baya. Yaya ya daina bin gaban shagon Auta, ya koma zagayawa ta bayan layi, wai ta nan ya fi inuwa. Ni kuwa na bar nawa allon a inda yake, don ba ni da ƙarfin raba faɗan maza biyu da muka sha nono ɗaya.

Babban allo ɗaya ya rage masa, na gidan burodi da ke bakin mahaɗa. Shi ne abin alfaharinsa: ƙaton burodi mai tudu, da sunan gidan a lanƙwashe a samansa. Duk bayan damina yakan hau ya sabunta shi. In wannan ya sauka, Mai Buroshi ya zama suna kawai, kuma shi ma ya san haka.

Sai ga Auta ya kai wa mai burodi allon gwaji. Aka kunna, mai burodi ya ja da baya ya duba, ya ce wannan ai burodin da ɓera ya gaigaya ne. Kuma gaskiyarsa. Fitilun a jere suke gida-gida, ko dai a kunne ko a kashe, don haka duk inda zane ya lanƙwasa sai gefensa ya fito da tsini kamar haƙoran zarto. Mai burodi ya ce a gyara kafin lokacin fenti ya zo, in ba haka ba Auta ya kwashe kayansa.

Da Yaya ya yi shiru, da shi ke nan. Amma ina! Mutumin da ya daɗe yana haɗiyar yabon ƙanensa ba zai iya cin nasara baki a rufe ba. Da la'asar ya faɗo shagona yana washe baki, ya tarar da Auta zaune kusa da keken ɗinki ya yi tagumi, ga mai aski ya shigo karɓar riga. Samun 'yan kallo ya ƙara masa ƙaimi.

“Auta, na ji an ce ka koma sayar da zarto,” ya ce. “Injin naka bai san da'ira ba ne?”

Auta ya sunkuyar da kai. Na harari Yaya, bai ko kalle ni ba. Ya ɗauki allina na ɗinki da wani kwali, ya zana gida-gida, ya cike na tsakiya a siffar da'ira, yana yi yana dariya. Ya ce matsalar yaran yanzu ke nan, fari ko baƙi kawai suka sani, alhali ido daga nesa ba ya son yanka, tsaka-tsaki yake so. Sannan, a gaban kowa, ya sa babban yatsan nan ya murza gidajen gefe har suka yi dishi-dishi. Ya kai kwalin bakin ƙofa ya ɗaga. Daga inda muke, da'ira muka gani sumul.

“Wannan hannu ne yake yi,” ya ce. “Fitilarka ta iya rabin haske?”

Auta ya ɗago kai a hankali. “Ta iya, Yaya. Ni ne ban taɓa rage ta ba, kowa mai ƙarfi yake so.”

Dariyar ta tsaya a fuskar Yaya. Ya ajiye kwalin, ya ce yana da wurin zuwa.

Auta ya koma kan kwamfutarsa ya bi gefen burodin fitila bayan fitila: wadda zanen ya cinye ya bar ta da cikakken haske, wadda ya ɗan taɓa ya rage mata. Da aka sake kunnawa, burodin ya fito da tudu kamar ka miƙa hannu ka gutsura. Mai burodi ya sa aka sauke allon katako, aka aika wa Yaya shi gida a kan kura, wai ko zai so ya ajiye.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Auta bai ɓoye ba. Duk wanda ya yaba, sai ya ce ai hikimar yayansa ce. Ya zo har gida ya roƙe shi su haɗa shago, Yaya ya riƙa zanawa, shi kuma ya riƙa kunnawa. Yaya ya ce zai yi tunani, kuma har yau tunanin yake yi. Ni na ba shi haushi da na ce ya karɓa, ya ce dama can na fi son Auta.

Yanzu ya daina zagayawa ta bayan layi. Kullum da safe ina hango shi daga shagona, ya wuce masu tsayawa a tsallaken titi suna kallon burodin, ya je ya tsaya a gindin allon, ya ɗaga kai har hularsa na neman faɗuwa. Daga nan ne kaɗai haƙoran suke nunawa. Rannan da ya dawo na miƙa masa ruwa, na lura farcen babban yatsansa ya yi fari tas.