Faifan Inna a Bangon Makaranta

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na wata ranar Talata baƙon malamin ya ɗaga takardata ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na san lokacin domin agogon ajinmu nake kallo, don kada in kalli idonsa.

Ina aji huɗu ne a makarantar horon malamai mata a Kazaure, a shekarun da kuɗin fetur ya sa kowace jami'a ke sayen injina. Shi malamin zane ne daga wata jami'a. Kafin hutu ya zo ya ce kowace ɗaliba ta kwafo masa zanen wani kayan gida a takarda mai gida-gida, domin akwai wata na'ura a wurinsu, kwamfuta, wadda ake ciyar da ita katunan da aka huda, ita kuma ta buga zane. Ƙawayena suka zana tabarma a rana ɗaya suka huta. Ni na tafi garinmu Roni na zauna gaban faifan da Inna, mahaifiyata, ta saƙa, mako uku, ina ƙirga kowane ɗauri na kaba: ja nawa, baƙi nawa, a wane zagaye tauraron da ke cikin zanen yake fara buɗewa. Inna tana tsokanata, wai boko ya mai da ni mai gadin faifai. Zanen nata ne. Ba ta gaje shi ba, ita ta ƙago shi, har matan garin Gwiwa kan aiko a tambaya ko ta yi sabo.

To, ga shi an ce wa ya yi. A gidanmu ɗa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, ko a ɗaki, balle gaban baƙon namiji da aji guda. Na ce, "A gidanmu ake yi, Malam." Ya ce, "Madalla," ya sa takardar a jaka.

Bayan wata biyar ya dawo da nunin zane, aka jera a zauren taro. Dogayen takardu ne masu huji a gefe, cike da haruffa da ɗigo-ɗigo. Kusa, shirme. In ka ja da baya, sai siffa ta fito. Na ja da baya a gaban na tsakiya, mafi girma, sai ga tauraron Inna, an buga shi sau tara, wani a karkace, wani an ja shi ya yi tsawo. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau, kuma kyan ne ya fi ƙona mini rai. A ƙasa an liƙa ɗan kati: sunan malamin, sunan na'urar har da lambarta, sannan "zanen gargajiya, ba a san mai shi ba."

Ba a san mai shi ba! Matar tana Roni a lokacin, yatsunta duk sun yi kanta saboda kaba.

Malamin ya yi mana jawabi. Ya ce aikinsa tambaya ce: idan inji ya yi zane, hannun wa ke ciki? Ya ce zamani na zuwa da fasaha za ta zama ba ta kowa ba. Aka tafa. Ni ina tsaye ina karanta sunansa, da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashin abin da ba na kowa ba.

Ban iya magana a taro ba, amma na iya rubutu. Na rubuta masa wasiƙa, na sa cikakken sunan Inna, karo na farko da hannuna ya taɓa rubuta shi. Na roƙi a gyara katin kawai. Shiru. Na sake rubutawa, na haɗa da ƙirgen zagaye ashirin da biyu don ya gwada da katunansa. Shiru. Shugabar makaranta ta kira ni ta ce, "Ke da ko gaisuwa sai an matsa kunne ake ji, yau ke ce mai ƙarar malamin jami'a? Ai alfahari ya kamata ki yi."

Ranar da ya zo kwashe kayan zai kai su Ikko, na tare shi a bakin mota, na durƙusa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ni ce mai wasiƙu."

"A'a, mai ƙirge! Ai ke kika fi injin namu ƙoƙari."

"Sunan nake roƙo a sa. Layi ɗaya ne."

Ya gama ɗaure takardun, ya rufe bayan motar, sannan ya dube ni, ba da faɗa ba, kamar mai yi wa yarinya bayanin abin da kowa ya sani.

"'Yata, in na sa sunanta ya koma faifai. Mutanen Ikko kuwa ba faifai za su zo kallo ba."