Gidan da Tauraro Ya Daina Kallo

Mijin yayata mutum ne da ba ya son ido. Tun ina zuwa musu hutu nake tsokanarsa, in ce ko ƙofar ɗaki zai fita sai ya leƙa ya ga ba kowa. Ba ya dariya. Sana'arsa gasa jan bulo, kuma saboda wannan hali nasa ya kwashi Yaya ya kai ta can bakin daji, ya gina gida da tanderunsa a inda ba maƙwabci ko ɗaya. Da ɓarin jikin Yaya ya shanye, a ɗaki guda ta zauna, gadonta jikin taga, ko tsakar gida ba ta iya kaiwa sai an ɗauke ta.

Ana nan sai hukumar daji ta fara aiki da tauraron ɗan'adam. Duk inda zafi ya yi yawa a ƙasa, jan ɗigo ke fitowa a allon kwamfutarsu, su tura 'yan kwana-kwana. To shi tauraro ina ya san bulo? Duk ranar da aka kunna tanderu sai ka ji jiniya, ga jar mota a ƙofar gida.

Yaya kam daɗi take ji. Ta ce mini su ne baƙinta. Sukan leƙo ta taga su gaishe ta, su ce Mama yau ma ƙarya tauraro ya yi. Ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda haƙori ke damu. Ran da za a kunna wuta har sabon ɗankwali take sa in ɗaura mata.

Shi kuwa gogan kamar ya haɗiyi zuciya. Wai an mai da shi abin dariya a kasuwa, ana ce masa mai gobarar ƙarya. Wai ta yaya mutum zai gudo daji, a bi shi da ido ta sama. Ya saka rigarsa ta fita, ya je ofis ya yi ta zuba musu rashin mutunci har suka gaji. Wata ma'aikaciya ta ce akwai yadda ake yi wa masana'antu, a zana akwati a kan wurin a taswirar kwamfuta, na'ura ta daina ƙirga zafinsa. Amma ta gaya masa akwatin ba ƙarami ba ne, zai haɗa da gidan da ciyawar da ke kewaye. Ya ce a zana, ko gobe. Na roƙe shi, Yaya ta yi kuka, ya ce mu mata ba mu san mutunci ba.

Jar mota ta daina zuwa. Yaya ta daina tambayar ɗankwali.

Ran da abin ya faru, da rana tsaka ne, mijin ya kunna tanderu ya tafi kai bulo cikin gari. Iska ta ɗauki tartsatsi ta zuba a busasshiyar ciyawa. Wutar ta ci abin da za ta ci a cikin akwati, allon ofis shiru. Sai da ta tsallaka layi ta kama dajin hukuma jan ɗigo ya fito. Waɗanda suka zo su ne dai baƙin Yaya. Babu wanda ya nuna musu ɗakin, kai tsaye suka nufi tagar. Mai ciwon haƙorin ne ya fito da gawarta a cikin bargo.

Bayan an share makoki na ja mijin nata ofis da kaina, don ba zan bari ya tsira da ba-a-sani-ba. Ma'aikaciyar ba ta so ba, na matsa, ta buɗo hoton ranar gobarar ta juyo mana allon. Daji duk ya yi ja, a tsakiya ga ɗan akwati fari tas.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Nan ba a nuna wuta ba."

Na ce, "Ai kai ka ce a daina kallonka."

Yana nan da ransa, a shagon wani yake kwana cikin kasuwa, inda kowa ke wucewa yana nuna shi. Mutane na cewa in tausaya masa, ya tsufa. Ban tausaya ba. In na biyo ta layin nakan tsaya daidai ƙofar in zuba masa ido har sai ya sunkuyar da kai.