Ranar da wuyana ya ƙi lanƙwasa

Assalamu alaikum. Na san na daɗe ban leƙo nan ba, har wasu sun ɗauka karatu ne ya sa na yi girman kai. Ba karatu ba ne. Sanƙarau ne ya kwantar da ni, kuma saura ƙiris da sai dai ku ji labari a bakin wani.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Balkisu, ɗaliba ce ni a makarantar koyon aikin lafiya. An tura ni aikin gwaji a ƙaramin asibitin garinmu, Tozai, a bazarar nan da ta ƙi ƙarewa.

Kun dai san halin da ake ciki. Damina biyu gero na bushewa tun bai fitar da kai ba. Rijiyoyi sun ja baya, dabbobi na faɗuwa a hanyar mashaya. Kowa kansa na ciwo, don haka nawa bai dami kowa ba, har da ni.

Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali ko sauron ma ya bar gari don rashin ruwa.

Sai amai. Sai haske ya zame min abokin gaba, ko ƙofa aka buɗe sai in ji kamar an soka min tsinke a ido.

Inna ta ce, “Rana ta, ɗiyata. Jini ya taru miki ga ƙeya.” Ta aika aka kira wanzami ya yi min ƙaho. Ban musa ba. A lokacin ko me aka ce zai rage ciwon nan, yarda zan yi.

Ya zauna ke nan yana jera ƙahonninsa a tabarma, sai ga Hauwa’u, ’yar ajinmu da aka tura Gangara, ta zo duba ni.

A makaranta junanmu muke gwada komai a kai. Akwai gwajin da malamarmu ta sa muka maimaita har muka gaji: a kwantar da mutum rigingine, a sa hannu ƙarƙashin kansa, a ɗago haɓarsa zuwa ƙirji. In wuya ya ƙi, gwiwoyi suka naɗe da kansu, to akwai matsala. Ni ce gwanar kwaikwayon mara lafiya. Nakan sandare wuya in naɗe ƙafa, aji ya yi ta dariya.

Hauwa’u ta sa hannu ta ɗago kaina. Na yi ƙara, gwiwoyina suka taso.

Ta yi murmushi. “Ke Balkisu, bari wasa, ba aji muke ba.”

Ta sake. Suka sake tasowa.

Murmushin ya ɓace. Ban taɓa jin tsoro irin na ganin fuskarta a lokacin ba.

Wanzami ya ce, “Ɗiyar ga, mi kig gani?”

Ta ce, “Baba, a dakata da ƙahon ga. Asibiti za mu, yanzun ga.” Bai yi gardama ba, shi ne ma ya fita neman mota.

A babban asibiti aka lanƙwasa ni kamar jinjiri aka ɗebi ruwa a bayana. Ya fito gurɓatacce. Likita ya ce wa Babana, “Sanƙarau ne. Za mu fara allura yanzu, ku yi ta addu’a.”

Babana ya kai tumakinmu kasuwar garin Isa. Ramammu ne, kuma kowa sayarwa yake yi, aka saye su kamar kyauta. A allura da ƙarin ruwa kuɗin suka ƙare.

Ɗaki daban aka ware mana, mu masu sanƙarau. Ba a faɗa mana in wani ya rasu, sai dai mu ga an fitar da katifa an shanya a rana. Daga gadona ina hango wajen shanyar ta taga. Yarinyar da ke kusa da ni, wadda ke roƙona in ba ta labarin makaranta, wata safiya na farka na ga katifarta a can.

Zazzaɓi ya sauka a hankali. Sai wata rana nas ta tsaya ta haguna tana magana, ina ganin bakinta na motsi, ba na jin komai.

Likita ya gwada ya ce, “Kunnen daman ya tsira. Na hagun, kar ki sa rai sosai.”

Na yi kuka fiye da na ranar da aka ɗebi ruwan bayana. Aikinmu na kunne ne: awon jini, bugun zuciya, numfashin yaro. Na ɗauka karatuna ya ƙare ke nan.

Da na koma makaranta, malamarmu ta naɗe hannun rigarta ta miƙo min hannu. “Auna min jini. In ba ki ji ba, ki ce ba ki ji ba. Kar ki ƙirƙiro min lamba.”

Na ɗaura mata na’urar awon jini, na sa abin sauraro a kunne, na matsa, na saki iska a hankali. Shiru. Shiru. Sai can, ta dama, na ji bugun. Ƙarami ne, amma na ji shi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hauwa’u, da iyayena, da ma’aikatan da suka yi ta shiga ɗakin nan da kowa ke gudu.

Jama’a, ruwa bai sauka ba har yanzu, ciwon kuma bai bar ƙauyukanmu ba. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar. In an zo rigakafi, ku fito da yara. ’Yan uwana ɗalibai, ku yi dariyarku a aji, amma ku koyi gwajin da hannunku.

In kuma kun yi min sallama a hanya ban amsa ba, kar ku yi fushi. Ku zagayo ta dama.