Darasi Daga Gaɓar Kogi

Jiya jikata ta kawo mini takardar digirinta na tarihi, haɗe da ta izinin koyarwa. Ta yi mini bayani da murya ƙasa-ƙasa, ban ji ko rabi ba. Na ce mata, "Sake." Kalmar na fita daga bakina, sai marigayi malaminmu ya faɗo mini a rai.

Zamanin Turawa ne, na fito daga makarantar Mishan, aka tura ni gwajin koyarwa a Kirikasamma, a ƙarƙashin wannan malamin. In bai sa hannu ba, babu shaidar malanta, sai dai in koma gonar shinkafar mahaifina. Shi kuwa ba ya gwada mutum a cikin aji. Ranar gwajina ya shiga kwalekwale, ya sa aka tura shi tsakiyar ruwa, ya bar ni a gaɓa, laka har idon sawu, hayaƙin bandar kifi yana shiga mini ido.

"Karanto mini sarakunan Haɗeja," in ji shi. "Ni ne yaron bencin baya."

Na karanto, kwaɗi suka danne muryata.

"Sake, ɗan Mishan. Da takalmanka kake magana?"

Na yi ta maimaitawa har maƙogwarona ya dushe. Daga ƙarshe ya ce, "Na ji. Gobe ma haka." Ya sa hannu.

Yau ni ne a bencin baya, kunne ya yi nauyi, kuma na gaji da cewa a sake. Jikata dai ta ɗaga murya, na ji ta sarai.

Malamin nan kuwa, Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya sa ya ji kiran rahama tun a karon farko.