Umma da tsohuwar da ta ɓata a Venis

Ku yi mini afuwa, ban saba rubutu a nan ba, amma wannan abin ya ƙi barin zuciyata.

Muna kan wata gada a Venis, garin da kwale-kwale ne motarsa. Yayana mai karatu a Italiya ne ya kai mu. Sai Umma ta hango wata tsohuwar Baturiya tana waige-waige, idonta cike da hawaye. Ayarin 'yan yawon buɗe ido da ta biyo ya tafi ya bar ta.

Kafin in ankara, Umma ta riƙe hannunta. "Ya Hajja, kwantar da hankalinki."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Umma, nan fa ba Makka ba ce. Mu ma baƙi ne."

Ta ce, "Mu muna tare, ita kuwa ita kaɗai ce. Dubi ƙyallen wuyanta, rawaya ne. Yalla, maza ku nemo mini ayarin da ke ɗauke da tuta rawaya."

Haka take yi wa alhazan da ke ɓata a Utaibiyya, unguwarmu a Makka, duk shekara. Ni da yayana muka kutsa cikin cunkoso, can bakin ruwa muka ga tutar, mutanen suna shirin shiga jirgi. Umma ta tako da tsohuwar a hankali har gaban jagoransu.

Matar ta rungume ta tana ta magana da yarensu. Umma dai "Fi amanillah" kawai take maimaitawa.

Ranar na yi alfahari da uwar da ta haife ni. Ku ma iyayenku haka suke a baƙon wuri? Idan kun yarje mini, zan so in sake rubutu.