Dabinon da Ya Ƙi Haihuwa

Shekarar da na tare a gidana na Takur na binne ƙwallon dabino a gindin katanga. Daga tsarabar Hajjin mahaifina na ɓoye shi, don haka duk baƙon da ya shigo sai na ja shi ya ga shukar, ko yana so ko ba ya so. Maƙwabcina, wani tela marar yawan magana, shi ma yana da nasa a ɗaya gefen katangar.

Nasa ya fara 'ya'ya. Nawa ya yi tsawo, ya yi kyau, ya ƙi haihuwa. Na zuba taki, na yi ta ban ruwa, har matata ta ce da ita nake yi wa wannan hidimar da tuni ta yi ƙiba. Kowace shekara tela sai ya aiko mana da kwano cike da dabino, ni kuwa in ci ina jin haushi. Ranar nan a majalisa bakina ya suɓuce, na ce ai akwai masu janye albarkar shukar mutane su kai tasu. Ban kama suna ba, amma kowa ya san da wa na haɗa katanga. Magana ta isa kunnensa. Gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa, kwanon ma bai zo ba a shekarar. Abin ya dame ni ƙwarai, amma girman kai ya hana ni motsi.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, masanin kimiyyar tsirrai, ya yi ritaya ya koma Kiyawa. Mutum ne mai ban takaici. Ko hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ka tambaye shi za a yi ruwa, sai ya ce bai sani ba tukuna. Da ya zo mana ziyara lokacin da dabino ke fure, na zayyane masa komai.

"Me ka gani?" ya tambaye ni.

"Kawu, ai kowa ya san ana yin irin wannan."

"Ban tambaye ka kowa ba, ɗana. Kai me ka gani da idonka?"

Ya ce a kawo tsani. Tsoho da furfurarsa ya naɗe riga ya hau, ni ina ƙasa ina salati. Ya yanko reshen fure, ya karkaɗe shi a tafin hannuna. Wani farin gari ya zubo kamar na tuwo.

"Namiji ne," ya ce. "Duk shekarun nan namiji kake jira ya haihu."

Ya bayyana min cewa ƙwallo ba ya yin alkawari, yana iya fitowa mace ko namiji, kuma garin nan ne iska ke kai wa macen ta yi 'ya'ya. Macen da ta fi kusa kuwa tana bayan katangata.

Na yi tsalle. "To ka gani! Ashe dai albarkar nawa yake ci!"

Kawu ya yi dariya har da tari. "Ka zo da hukuncinka a aljihu, kana neman shaidar da za ta dace da shi. Ba don ya zama lauyanka Allah ya ba ka hankali ba." Ya goge hannunsa, sannan ya ce, "A aikinmu, inda ka rubuta kuskure nan kake komawa ka gyara. A ina ka yi maganar nan?"

"A majalisa."

"To."

Na je majalisa na warware, aka yi min dariyar da har yau ba ta ƙare ba. Daga nan na wuce shagon tela da reshen furen a hannu, na ba shi haƙuri. Ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya dube ni.

"Malam, ai na daɗe da sani. Ina ganin furen ta saman katanga. Kwanon nan da nake aikowa rabonka ne, na farkon nuna nake cire maka. Na ga yadda kake son shukar nan saboda Baba, shi ya sa na kasa faɗa maka."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ya jawo min kujera, ya ci gaba da ɗinkinsa.